Yayen Fiddausi

Safara'u tana fuskantar bangon ɗakinta, yatsun hannunta na hagu suna hawa jikin siminti a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sai mijinta Muntaka ya yi sallama ya shigo. Ko hula bai cire ba ya zauna a bakin gado, ya yi wa bayanta magana.

"Zahra'u ƙanwata ta sauka jiya a Sumaila. Namiji. Hajiya za ta tafi ran Asabar, ita za ta zauna mata har a gama wanka."

"Masha Allah. Allah ya raya." Ta ƙara tura yatsun sama har ta ji jijiyar hammatarta ta ɗame kamar igiyar guga. "Yarinyar fa?"

Ya yi gyaran murya kawai. Wannan ya ishe ta amsa.

"Da ita za ta tafi ke nan."

"To wa za ta bar wa?"

Safara'u ta sauke hannun, ta juyo ta zuba masa ido. Wa za ta bar wa! A gaban uwar da ta haifi yarinyar yake wannan tambaya, kuma ko a jikinsa.

Fiddausi ce 'yarsu ta fari, ita kaɗai ce kuma. Tana cikin shan nono Safara'u ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Kowa ya ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Aka yi ta gashi, ƙullutu yana ƙara girma. Ranar da likita ya kira abin da sunansa, ya ce kansar mama ce, a ranar ya ce a yaye yarinya, don alluran da za a fara ba su haɗuwa da shayarwa. Hajiya Uwani, mahaifiyar Muntaka, ta taso daga Gyaɗi-Gyaɗi da zani da majanyi, ta goya jikarta ta tafi, kamar yadda kowace kaka take yi. Yaye ai 'yan kwanaki ne. Yaro ya sha kukansa a wajen kaka, ya manta da nono, a dawo da shi da sabuwar riga. Haka Safara'u ta sani. Da damina aka tafi da ita, ga wata daminar ta zagayo, yaye bai ƙare ba.

Lokacin allurai ba ta ce komai ba, har godiya take yi. Mutumin da yake wuni da bokitin amai a gefe, gashin kansa yana bin mataji, ina zai kai yarinya mai rarrafe? A lokacin kowace Juma'a ana kawo mata ita. Bayan an yi tiyata an cire maman ne abin ya sauya. Zuwan farko, Fiddausi ta rugo da murna ta faɗa ƙirjin uwarta, Safara'u ta saki ƙara, Hajiya ta fizge yarinyar. Daga ranar aka daina kawowa.

"Ranar da kika iya ɗaga hannun nan kika goya ta, ki zo ki ɗauki abarki," in ji Hajiya.

Abin da yake ci wa Safara'u rai shi ne Hajiyar da ta kafa wannan sharaɗi ita ce ta kashe hannun. A asibiti an ce mata ta riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan. Suna dawowa gida Hajiya ta ɗauko gyale ta ɗaure mata shi a ƙirji tamau, kamar wadda aka yi wa ɗori, wai kar ɗinki ya farke. 'Yan dubiya suka cika falo, kowace ta shigo sai ta yaba. "Yawwa, haka ake yi. Kar ki yarda ki motsa, 'yar nan." Ita kuwa ta sunkuyar da kai, tana yi wa surukarta kara. Da aka kwance gyalen, kafaɗa ta riga ta sandare. Ba ta iya ɗaura ɗankwali. Ba ta iya kai hannu kunne ta yi kabbara.

"Malam," ta ce da Muntaka, "ka je ka ce wa Hajiya ta bar mini ita."

"Ni zan je in ce wa Hajiya ta ba da yarinya? Haba Safara'u. 'Yar fari ce fa. Me mutane za su ce? A ce ba mu da kunya, mun bi 'ya har gidan kaka muna ƙwato ta?"

"Su ce."

"Ni ma a hannun kakata na tashi. Me ya same ni?"

"Me ya same ka? Har yau in ka je gaban Hajiya kamar ka je gaban shugaban ofishinku kake. Ka durƙusa, ka gaishe ta, ka kalli agogo. Kai ba ka taɓa ce mata a'a ba, ita ba ta taɓa kiran sunanka ba. Wannan kake so mini?"

Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa kamar an zuba masa wani abu.

"Ciwon nan ya sa miki zafin rai. Zan yi miki uzuri."

"Riƙe uzurinka. 'Yata nake so."

Ya fita. Ta ji tashin babur ɗinsa, ta koma bango ta kafa yatsu, ta tura hannun da ƙarfin da ta san an hana ta, har hawaye ya zubo mata.

Ranar Alhamis da hantsi ta tafi Daurawa. A can Sista Safiyyah, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta asibitin da aka yi mata aiki, take tara matan da aka yi wa irin tiyatarta, a wani falo da aka kwashe kujerunsa aka shimfiɗa tabarmi. Ita ce ranar da ta fara ganin kafaɗar Safara'u ta riƙe baki ta ce, "Wane mara tausayin ne ya ɗaure miki hannu?" Ita ce kuma ta ce mata, bayan likita ya amince, ta zo su gwada yoga mai sauƙi. Safara'u ta zaci irin ta finafinan Indiya ce, a naɗe ƙafa a rufe ido. Ashe numfashi ne da miƙa. A zauna a miƙe baya, a ja iska har ciki ya taso, a sake ta a hankali. A juya kafaɗu baya kamar mai ture gyale. A durƙusa a gantsare baya a lanƙwasa, irin miƙar kyanwa in ta tashi barci. A kwanta rigingine da matashi a ƙarƙashin baya, a bar ƙirji ya buɗe da kansa. Kowace mace da muciyarta take zuwa daga gida, a riƙe ta da hannu biyu, mai lafiyar ya ja marar lafiyar zuwa sama.

Safara'u ba ta taɓa fashi ba. A gida ma, da ta idar da sallar walaha sai tabarma, da la'asar sai bango. Hannun da ba ya wuce ƙirji ya kai kafaɗa, ya kai kunne, yanzu har saman kai yake miƙewa, sai ɗan ja da ya rage.

"Ku ja numfashi," in ji Sista Safiyyah, tana zagaya su. "Ku ɗaga muciya. A hankali. Inda kika ji ja, ki tsaya ki yi numfashi a wurin. Inda kika ji zafi, ki dawo. Safara'u! Tuwon gidan biki kike tuƙawa? Sassauta."

"Ƙyale ta, Sista," in ji Inna Tabawa daga tabarmar gefe. Dattijuwa ce mai sayar da kayan miya a kasuwar Tarauni, ita aka fara yi wa aiki a cikinsu, bakinta kuma ba ya hutawa. "Surukarta take hangowa a saman muciyar."

Mata suka fashe da dariya, muciyoyi suna rawa a sama. Safara'u ba ta yi ba. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fara naɗe tabarma, ta matsa kusa da Sista.

"Ina so in goya yarinya ran Asabar."

"Shekararta nawa?"

"Ta kusa biyu."

Sista Safiyyah ta kama hannun ta ɗaga, ta juya shi, ta taɓa hammata, ta bi tabon da yatsa ta saman riga. Ta girgiza kai.

"Hannu ya zo, alhamdu lillahi. Amma goyo ba hannu kaɗai ba ne. A kan tabon nan za ki ɗaure zani, ki ɗaure majanyi, nauyin yarinya duk ya rataya a wurin. Kuma kin san an cire miki 'yan ƙwayoyin hammata. Ki matse wurin nan da ɗauri, hannun ya kumbura, kumburin da ba lallai ya saɓe ba. Ban yarda ba. Sai likita ya sake ganinki."

"Yaushe ke nan?"

"Ba kafin Asabar ba dai."

Safara'u ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta jefar da muciyar a kan tabarma.

"To me na yi ta wahala a kai? Kullum ina bango kamar ƙadangare, ina miƙar kyanwa, ina ja numfashi ina saki. Numfashi! Na ja numfashin da zai ishi unguwa guda. Yanzu ki ce ba zan goya ba?"

"Ni ban taɓa ce miki don goyo muke yi ba," in ji Sista, ba ta ɗaga murya ba. "Don hannunki muke yi."

Inna Tabawa tana gyara audugar da take cusawa a rigar mamanta, ta sa baki.

"Goyo kuma? Ni ko ɗaurin ƙirji na yi don shiga wanka, zamewa yake ta ɓangaren nan, ba abin da zai tare shi. Rannan saura kaɗan in gaisa da mai gidan haya a haka." Ta kalli Safara'u, ta ga ba dariya a fuskarta, sai ta sauke murya. "Wai wa ya yanke hukuncin goyon nan ne? Likita ko alƙali?"

"Hajiya."

"Uhm," in ji Inna Tabawa. Ta yafa mayafinta. "Allah ya ba Hajiya lafiya."

A hanyar komawa, a cikin adaidaita sahu, Safara'u ta yi ta juya abin. Za ta iya yi. Ta san za ta iya sunkuyawa ta wurga yarinya baya, ta cije ta ɗaure, ta tako daga ɗakin Hajiya zuwa bakin titi. Wa zai sani? Amma in hannun ya kumbura ya zama kamar taɓarya, wa zai yi wa Fiddausi wanka, wa zai yi mata kitso? Sai a sake zuwa da zani da majanyi a ce, kin gani ko? Ta dubi hannun a kan cinyarta. Da ƙyar ta ƙwato shi. Ba za ta sake miƙa wa kowa shi ba.

Asabar da safe an kwana ana ruwa, lunguna duk taɓo. Ba ta jira Muntaka ya gama karyawa ba. Ta ce masa, "Na tafi Gyaɗi-Gyaɗi," ya ce, "Ki gaishe ta, ki yi mata Allah ya kiyaye hanya." Ta dube shi kawai ta sa hijabi.

Ta tarar da gidan Hajiya Uwani a hargitse da shirin tafiya. Buhun gero a tsakar gida, ƙullin kanwa, garwar wanka, 'yan kayan jariri. Maƙwabta mata biyu suna zaune a tabarma suna taya ta ɗaure kaya. Fiddausi tana tsugune a bakin rariya da ludayi, tana kwasar ruwan sama tana zubarwa. An yi mata kitso ƙanana, ta yi tsawo, wuyanta ya fito. Ta ɗago ta kalli mai shigowa, kallon da yaro yake yi wa mai karatun mita, ta koma kan ludayinta.

Safara'u ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya. An tashi lafiya? Barka da arziki."

"Lafiya lau. Barka dai. Ya ƙarfin jiki? Da kin yi zamanki ai, cikin wannan taɓon."

"Na zo tafiya da Fiddausi ne."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta saki igiyar da take ja. Uwa ta kira sunan 'yar fari gatsal, a gaban uwar miji, ba "yarinyar nan" ba, ba "waccan" ba.

"Ikon Allah," in ji maƙwabciyar. "'Ya'yan zamani."

Hajiya ta ajiye ƙullin kanwa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da zani da majanyi, ta jefa su gaban Safara'u.

"Na faɗa miki tun farko, ba na canza magana. Ga ta nan. Goya ta mu gani."

Safara'u ta ɗauki zanin. Ta miƙe, ta je igiyar shanya da ke rataye can sama a ƙarƙashin rumfa, ta miƙa hannun hagu har ƙarshensa ta fara sauke 'yan rigunan Fiddausi. Ta shimfiɗa zanin a kan buhu, ta zuba su a ciki, ta ƙulle.

"Ba zan goya ta ba, Hajiya. An hana ni a asibiti, kuma wannan karon maganar asibiti zan bi. Da ƙafarta za ta taka."

"To ba ki warke ba ke nan."

"Ban warke ba. A haka zan tafi da ita."

"Ke Safara'u, ni kike faɗa wa haka?"

"Na yi shiru an gasa mini ƙirji da ruwan zafi ciwo yana cina. Na yi shiru kin ɗaure mini hannu da gyale, har sai da na koma ko ɗankwali sai an ɗaura mini. Sai kuma kika ce hannun da kika ɗaure shi zai zo ya karɓi 'yata. Wata da watanni ina jan sa da muciya kamar mahaukaciya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in yi haƙuri, in yi kawaici. Na yi. Ga abin da kawaicin ya saya mini." Ta nuna yarinyar. "Dube ta. Ko sanina ba ta yi ba."

Hajiya Uwani ta dafe ƙirji. Idanunta suka kaɗa.

"Don mugunta na ɗaure? Haka na ga ana yi, haka na yi. Lokacin da kike kwance ba ki san inda kanki yake ba, wa ya wanke kashin yarinyar nan? Wa ya yi jinyar ƙyandarta? Haƙoranta duk a kafaɗata ta fitar da su. Yau ki shigo mini gida a gaban mutane ki yi mini tsiya?"

"Na gode, Allah ya biya ki. Har in mutu ina godiya. Amma yaye ya ƙare."

"To in ciwon ya dawo fa?"

Maganar ta fito wa Hajiya da ƙarfi, kamar ta daɗe a maƙogwaronta. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai.

"Eh, na faɗa. In ya dawo fa? Irin wannan ciwon na ga yadda yake yi. Ya ɗauke ƙanwata bayan an ce ta warke, ta bar yaro yana bin ɗaki-ɗaki yana nemanta, har ya daina cin abinci. Gara yarinyar nan ta saba da ni tun yanzu. Gara ta saba. In Allah ya yi ikonsa, ba za ta san zafin ba."

Safara'u ta ji ƙasa ta juya da ita. Ashe ba hannu ba ne, ba goyo ba ne. Ko da ta wurga yarinyar baya ta yi rawa da ita, wani dalilin za a nemo. Ta ja iska har cikinta ya taso, don kar ta faɗi abin da ba zai gyaru ba, ta sake ta a hankali. Duk da haka da muryar ta fito, ita kanta ba ta gane ta ba.

"Kun yi mini zaman makoki ke nan ina raye. Har kun raba gado, kin ɗauki naki." Ta share fuska da gefen hijabi. "Ban san ranata ba, Hajiya, ke ma ba ki san taki ba. In ya dawo, to ya same ni da 'yata a gefena. Ta san fuskata, ta san muryata, ta yi kukan in kukan ne. Marainiya za ki mayar da ita tun uwarta tana tafiya da ƙafafunta?"

Ta rataya ƙullin kayan a kafaɗar dama, ta je bakin rariya ta kama hannun Fiddausi.

"Taso mu tafi gida."

Yarinyar ta dubi hannun da ya riƙe ta, ta dubi Hajiya, ta buɗe baki ta tsala ihu. Ta zube a taɓo, tana shure-shure. Safara'u ta sunkuya ta sunkuce ta da hannun dama, ta ɗora a ƙugu, ɓangaren da ba tabo. Fiddausi ta gantsare, tana miƙa hannaye baya.

"Mama! Mama!"

Ba da ita take ba. Safara'u ta sani. Ta cije leɓe ta fita zaure, ta bi lungu tana tsallake kwatami, ƙaramar ƙafa tana dukan cikinta, wani dunƙulallen hannu ya sauka daidai kan tabon har ta ga wuta. Ba ta tsaya ba sai bakin titi. Ta tsayar da adaidaita sahu ta shiga.

"Tarauni, bayan kasuwa."

Direban bai ja ba. Ya juyo yana kallon yarinyar da take neman dirowa, ya kalli matar da idonta ya yi jawur, hijabi duk taɓo. Ya kashe injin.

"Hajiya, yi haƙuri fa. 'Yarki ce kuwa?"

"Me ka ce?"

"Ba wai wani abu ba. Kin san halin da ake ciki a garin nan, yara suna ɓata. Yarinya tana kiran uwarta tana nuna lungu, ke kuma kina cewa in ja. Ni ba za a haɗa da ni ba."

Mai shayin gefen titi ya ajiye butarsa ya matso. Wani mai faci ya taso, sai ga masu jiran mota sun fara zagaye adaidaitar.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Wai 'yarta ce."

"To in 'yarta ce ta rarrashe ta mana mu gani."

"Ke yarinya, wannan mamarki ce?"

Fiddausi ta ƙara ƙarfin kuka, tana ture fuskar Safara'u da tafin hannu. Safara'u ta buɗe baki, ta rasa da me za ta fara. Ta ce ta sha naƙudarta? Ta buɗe musu ƙirji ta nuna inda nonon da ta sha yake a da?

"Ga wata tsohuwa nan tafe," in ji mai shayi. "Daga lungun ta fito. Ku bari a tambaye ta."

Hajiya Uwani ce, ba mayafin kirki, silifas ɗaya ya tsinke tana jan sa, flas ɗin kunu a hannu. Fiddausi ta gan ta, ta miƙa hannu biyu tana shessheƙa.

"Mama!"

"Yawwa, ga uwar nan," in ji wani.

"Inna, kin san matar nan?" direban ya tambaya.

Hajiya ta tsaya tana haki. Ta dubi jikarta. Ta dubi Safara'u, Safara'u ta dube ta, ba ta sunkuyar da kai ba, hannunta na dama ya zagaye cikin yarinyar gam. Kalma ɗaya Hajiya za ta faɗa mutanen nan su zare Fiddausi su miƙa mata, su biyun kuma sun san haka.

"'Yarta ce," in ji Hajiya. Ta yi gyaran murya ta juya kan taron. "Na ce 'yarta ce! Ita ta haife ta, matar ɗana ce. Me kuka tsaya kallo, biki ake? Kai mai shayi, koma kan tukunyarka."

Mutane suka fara watsewa suna Allah ya ba da haƙuri. Hajiya ta tura flas ɗin cikin adaidaitar ba tare da ta kalli yarinyar ba.

"Ba ta shan sa da tsami. In za ta yi barci sai an murza mata tafin ƙafa. Tana tsoron akuya."

Safara'u ta karɓi flas ɗin. Ko ɗaya daga cikin ukun ba ta sani ba, wannan kuma ya fi komai ƙona mata rai. Ta so ta yi godiya, bakin ya ƙi.

"Allah ya kiyaye hanya, Hajiya," ta ce daga ƙarshe.

Direban ya tayar da injin, ya waiwayo wajen Safara'u yana sosa ƙeya.

"Wallahi ki yafe ni, Hajiya, ni dai na ga..."

"Malam, ja mu tafi."

Suka hau titi, ruwan taɓo yana fallatsa gefe. Fiddausi ta leƙa baya tana kiran Mama har muryarta ta dishe, kanta yana bugun haƙarƙarin uwarta. Safara'u ta gyara mata zama a cinyar dama, ta tare ƙirjinta da gwiwar hannu, ta ce da direban in sun kai kasuwa ya tsaya, za ta sayi gero da sabulun wanka.